JINYAR IYAYE IDAN TA FI ƘARFIN 'YAN GIDA: KIRAN MASANI BA YAR DA SU BA NE

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

'Yan'uwa, yau da laifin kaina zan fara kafin in taɓa na kowa.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, ɗan sahun farko, wanda tun kafin a ba ni limancin masallacinmu shi ke riƙe da mabuɗi. Ya haura shekara tamanin. Abin ya fara ne kamar wasa. Wata rana ya buɗe masallaci da ƙarfe biyun dare, wai asuba ta yi. Bayan 'yan makonni yara suka tsinto shi a bakin titi, ya ɓace a hanyar da ya fi shekara arba'in yana bi. Daga nan sai ya fara cewa matar ɗansa tana sace masa kuɗi.

Babban ɗansa ya same ni bayan isha'i, ya ce: "Malam, don Allah a zo a yi wa Baba ruƙiyya, muna zaton hannu aka sa masa." Na je, na yi karatu, na yi addu'a. Zan fita ke nan sai matar ɗan ta yi magana daga bayan labule, ta ce: "Malam, Baba fa ba ya barci, ni ma rabona da barcin kirki na manta." Na ce mata: "Ki yi haƙuri, Aljannarki kike nema." Na sa takalmina na tafi, ina jin na sauke nauyi.

Bayan kamar wata huɗu, Baba ya faɗi a banɗaki cikin dare. Aka kira mai ɗori, aka kwantar da shi. Da na koma dubiya, na tafi da wani nas da yake sallah tare da mu. Tun daga ƙofar ɗaki ya dube ni, na dube shi, saboda warin da ya tare mu. Ya nemi izini ya juya Baba, sai ga gyambo a ƙasan bayansa, faɗin tafin hannu. Ya ce a kawo masa magunguna. Aka kawo leda cike: na asibiti, na kemis, wanda wani ɗa ya aiko daga wani gari, ga kuma jiƙe-jiƙe a gora. A ciki akwai biyu da duk maganin hawan jini iri ɗaya ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta. Wato ninki biyu yake sha kullum. Nas ɗin ya ce wannan kaɗai ya isa ya sa tsoho jiri ya faɗi. Da muka fito ya ce da ni: "Liman, da tun zuwanka na farko ka ce a kai shi asibiti." Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba.

Baba ya rasu bayan 'yan makonni, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan aƙidarmu ce. Amma wahalar da ya sha kafin ajalin, akwai wadda da an san abin yi da bai sha ta ba. Kuma wallahi babu mugu ko ɗaya a gidan nan. Suna sonsa, sun kashe kuɗi, sun yi rashin barci. Abu biyu suka rasa: sani da tsari. Ni kuma da ya kamata in nuna musu hanya, sai na ba su rabin addini na bar rabi.

ABIN DA KE HANA MU

Idan ka ce wa mutum ya nemo wanda ya san aiki ya taya shi jinyar mahaifinsa, amsar da za ka fara ji ita ce: "Haba Malam, ina raye? Mutane su ce na kasa riƙe ubana?" Wani ya ce wannan ai ɗabi'ar Turawa ce, su ne ke kai iyayensu gidan tsofaffi su manta da su.

Wannan kishin yana da kyau, kuma ba na fatan mu rabu da shi. Allah Ya haɗa haƙƙinSa da haƙƙin iyaye a Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Ya ware lokacin tsufansu da ambato, Ya hana ko da kalmar nuna ƙosawa, Ya yi umarni da sassauta musu da yi musu addu'a. Kuma ayar ta siffanta tsufan nasu da cewa a wurinka yake riskarsu, wato a ƙarƙashin kulawarka. A Sahihu Muslim, hadisin Abu Huraira, Annabi (SAW) ya yi addu'ar ƙasƙanci har sau uku ga wanda ya riski iyayensa cikin tsufa amma hakan bai shigar da shi Aljanna ba.

To amma mu tambayi kanmu: biyayyar nan don wa ake yin ta? Don mahaifin ya samu sauƙi, ko don kada a zage mu a majalisa? Idan gyambo yana cin bayan mahaifinka, kai kuma ka ƙi kiran nas don kada a ce ka gaza, to mutuncinka kake jinya, ba mahaifinka ba.

ME SHARI'A TA CE?

Na farko, neman magani umarni ne. A hadisin Usama bin Sharik, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, ƙauyawa sun tambayi Annabi (SAW) ko su nemi magani, ya umarce su da su nema, ya sanar da su cewa kowace cuta Allah Ya sanya mata magani in ban da tsufa. Mutanenmu sun riƙe ƙarshen hadisin sun saki farkonsa. Komai ya sami tsoho sai a ce "ai tsufa ne." Tsufa kam ba shi da magani. Amma hawan jini ba tsufa ba ne, ciwon suga ba tsufa ba ne, yanar ido ba tsufa ba ce, ciwon mafitsara ba tsufa ba ne. Cututtuka ne da suke raka tsufa, kuma ana maganinsu ko a rage zafinsu.

Na biyu, miƙa majinyaci ga wanda ya iya jinya abu ne da aka yi a gaban Annabi (SAW). Da aka harbi Sa'ad bin Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, shugaban Ausu ne guda, danginsa cike da Madina. Amma malaman tarihi sun ambata cewa a tantin Rufaida aka ajiye shi a masallaci, matar da ta shahara da jinyar masu rauni, don Annabi (SAW) ya riƙa duba shi daga kusa. Ba wanda ya ce Ausawa sun yar da shugabansu. Ku lura da abu biyu da suka haɗu a nan: hannun da ya iya aiki, da kusancin masoyi. Wannan shi ne duk abin da nake kira gare shi.

Na uku, a littattafan da muka gada a zaurukanmu ma maganar tana nan. Shehu Khalil, a babin ciyarwa na Mukhtasar, ya bayyana cewa ɗa mai hali wajibi ne ya ciyar da iyayensa marasa hali, kuma ya haɗa da ɗaukar nauyin mai yi musu hidima. Ya kuma kawo saɓani kan yadda za a raba nauyin tsakanin 'ya'ya: daidai-wa-daida, ko gwargwadon gado, ko gwargwadon samun kowa. Masu sharhi sun fi rinjayar da gwargwadon samu. Ashe biyan wanda zai kula da iyaye ba baƙon abu ba ne da ya zo daga Turai. Malamanmu na Malikiyya sun rubuta shi tun ɗaruruwan shekaru.

Na huɗu, yin likitanci ba da sani ba laifi ne. Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da shi ba. To kai da kake ƙara wa Hajiya ƙwaya ko ka rage mata don maƙwabci ya ce ta yi wa tasa uwar aiki, ka duba matsayinka.

YAUSHE NE ABIN YA FI ƘARFIN GIDA?

Ni ba likita ba ne. Amma tun bayan rasuwar Baba na zauna da likitoci da nas-nas na cikin jama'armu, na ce su koya mini abin da ya kamata liman ya sani kafin ya ce wa mutane "ku yi haƙuri." Ga alamomin da idan ka ga ko ɗaya, lokacin kiran masani ya yi:

1. Mantuwa da ta wuce ta yau da kullum. Manta inda aka ajiye carbi ba komai ba ne. Amma ɓacewa a hanyar gida, barin wuta a kunne, maimaita tambaya ɗaya sau goma, kasa gane jika, zargin sata ba dalili, fita cikin dare, wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda muke kira gigin tsufa. Alƙur'ani ya ambaci wannan matakin na rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda mutum yake komawa bai san abin da ya sani a da ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Ba maita ba ce, ba lallai sammu ba ne. Tsohuwa nawa aka jefa da kalmar mayya alhali ƙwaƙwalwarta ce ta gaji? Mu ji tsoron Allah. Ruƙiyya ta shari'a gaskiya ce, ina yi kuma zan ci gaba da yi, amma ba ta hana zuwa asibiti.

2. Rikicewa ta farat ɗaya. Wannan daban take da ta sama. Tsohon da jiya lafiya lau, yau ya wayi gari yana sambatu ko ya kasa gane mutane, sau da yawa wani abu ne ya taso a jiki: sugansa ya faɗi, ko ciwon mafitsara, ko zazzaɓi, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani. Irin wannan ana iya warkewa idan an yi sauri. Ranar za a kai shi, ba a jira gobe.

3. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, harɗewar magana. Wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kuma sa'o'in farko su ne masu tsada. Kada a tsaya shafe-shafe da hayaƙi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, domin maƙogwaron da ya shanye yana iya tura shi cikin huhu. A yi addu'a a cikin mota. Bayan an sallamo shi kuma yana buƙatar masu gashin ƙashi, ba kwanciya kawai ba.

4. Faɗuwa fiye da sau ɗaya. Faɗuwar tsoho ba tuntuɓe ba ne kawai, akwai dalili a bayanta: ido, jiri, magani, santsin banɗaki. Karayar ƙugu ga tsoho kuwa aikin asibiti ce, a ɗauki hoto tukuna kafin a yi maganar ɗori.

5. Kwanciya ta dindindin. Wanda ba ya iya juya kansa, ana juya shi kamar duk bayan awa biyu, dare da rana, ana duba ƙugu da ƙasan baya da dugadugai. Jan tabo da ba ya gushewa shi ne farkon gyambo. Idan fata ta riga ta buɗe, ko an sa masa robar fitsari, ko robar abinci ta hanci, to wannan aikin nas ne, ko wanda nas ta koya wa ta kuma riƙa bibiya.

6. Ledar magani ta cika. Likita uku, kemis biyu, kowa da nasa, ba wanda ya san abin da ɗayan ya rubuta. Ga maganin ciwon jiki da ake saya a kan tebur, wanda yawan shansa yana taɓa ƙoda da ciki. Ga na gargajiya da ake ɓoye wa likita. Ku kwashe duka, har da jiƙon, ku kai wa likita ɗaya ya tantance.

7. Ramewa, ƙin abinci, sarƙewa da tari a duk lokacin cin abinci.

8. Mai jinya ta ƙare. Wannan ita ce alamar da muka fi kawar da kai daga gare ta. A yawancin gidajenmu jinya tana faɗawa kan mace ɗaya: 'ya, ko matar ɗa, ko tsohuwar matar da ita ma jinyar take buƙata. Maza su leƙo da safe su ce "sannu Baba," su fita. Idan ka ga mai jinya ta fara tsawa, tana kuka ba dalili, ta rame, ta bar kula da 'ya'yanta, to majinyata biyu ne a gidan. Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi, kamar yadda yake a Bukhari. Kuma ka sani, ya kai ɗan'uwa, hidimar iyayenka a wuyanka take, ba a wuyan matarka ba. Idan ta yi, kyautatawa ce da za a gode mata. Kada ka nemi Aljanna da bayan 'yar mutane kana kwance kana minshari.

TO, YAYA ZA A YI?

Ku zauna, 'ya'ya duka, maza da mata, na nesa a kira su a waya. Idan tsohon yana cikin hankalinsa, da shi za a yi shawarar, ba a kansa ba. Shi ne mai jikin.

Ku naɗa mutum ɗaya ya riƙe ragamar jinyar. Ba lallai babba ba, wanda ya fi natsuwa da samun lokaci. Shi ke magana da likita, shi ya san ranar komawa asibiti, kuma ba mai kawo sabon magani sai ta hannunsa. Jirgin da ke da matuƙa biyar ba ya kai gaci. Idan a cikinku babu mai iyawa, ku ɗauki nas ko ma'aikacin lafiya mai rajista ya riƙe muku wannan tsarin, ku biya shi.

Ku sayi littafi ɗaya na 'yan makaranta. A rubuta sunan kowane magani da lokacinsa, awon jini da na suga, abin da ya ci, ranar da ya faɗi. Duk zuwa asibiti a tafi da shi.

Ku nemi likita ɗaya da zai san labarin gaba ɗaya. Kula da lafiyar tsofaffi fanni ne mai zaman kansa, kamar yadda yara suke da nasu likitocin. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan akwai cibiya ta musamman don tsofaffi tun 2012. Mu a nan irin waɗannan likitocin ba su da yawa, amma likitan iyali a babban asibiti zai iya riƙe muku. Matsalar mantuwa kuwa, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, ga sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Kai mahaifi can ba cewa aka yi ya haukace ba.

Ku raba kwana da kuɗi a fili, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Mai kuɗi ya ba da kuɗi, mai lokaci ya ba da lokaci, kuma kada mai aiko da kuɗi daga nesa ya raina wadda take wanke kashi da fitsari. Mai jinya ta samu ranar hutu a mako.

Wanda za a ɗauko ya zama amintacce, an san asalinsa da inda ya koyi aiki. Namiji ga namiji, mace ga mace, sai in lalura ta tilasta, ita ma gwargwadonta. A suturta al'aura, a rufe ƙofa lokacin wanka. Kada a ɗauki hoton tsoho cikin rauninsa a watsa a WhatsApp da sunan neman addu'a. A riƙa shigowa ba sanarwa, domin amana tana son bibiya.

Ku kula da ibadarsa da ilimi. Annabi (SAW) ya koya wa Imrana bin Husaini, lokacin da yake fama da basir, cewa ya yi sallah a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Wanda ruwa ke cutarwa ya yi taimama. Tsohon da azumi ke galabaitarwa an ɗauke masa. Anas bin Malik da ya tsufa ciyarwa ya riƙa yi. Wanda hankalinsa ya gushe kuwa, an ɗauke alƙalami daga kansa. Kada a tsananta wa wanda Allah Ya sauƙaƙa wa.

Dukiyarsa kuma tasa ce har ya koma ga Allah. A yi masa hidima da ita, a rubuta abin da aka kashe. Sa hannun wanda ba ya cikin hayyacinsa a takardar gida ko gona cin amana ne, ko da ɗan cikinsa ne ya riƙe masa alƙalamin.

KADA A FAHIMCE NI A KARKACE

Ban ce ka biya kuɗi ka ɓace ba. Nas za ta wanke gyambo, amma ba za ta zama ɗansa ba. Akwai abin da ba a ɗaukar ma'aikaci ya yi: zama kusa da shi, matsa masa ƙafa, sauraron labarin da ya ba ka sau ɗari kamar yau ka fara ji, karanta masa Alƙur'ani, laƙƙana masa kalmar shahada idan lokaci ya yi. Tsohon da ya manta sunanka bai manta daɗin hannu mai taushi ba. Masani yana ɗauke maka abin da ba ka iya ba ne, don ka samu ƙarfin yin abin da ba mai iya yi sai kai.

Na san wani zai ce: "Malam, abincin yau ma da ƙyar, ina kuɗin nas?" Gaskiya ne, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta. Amma littafin nan, da naɗa mutum ɗaya, da juya majinyaci, da raba kwana, ba sa cin ko kwabo. Sauran kuma nauyinmu ne mu jama'a. Kusan kowane masallaci akwai ma'aikacin lafiya a sahu. Me zai hana kwamiti ya san tsofaffin da ke kwance a unguwa, a riƙa zagaya su ko sau ɗaya a wata? Me zai hana a yi waƙafin keken guragu da katifa da abin awon jini, ana ara ana mayarwa? Tsoho matalauci mara lafiya yana cikin masu haƙƙin zakka. Muna gasar tayil da fanka a masallaci, alhali wanda ya yi shekara arba'in yana buɗe mana ƙofa yana kwance a bayan katangarmu.

'Yan'uwana limamai da masu ruƙiyya, mu ne ake fara kira. Idan an kira ka, yi karatunka, sannan ka tambaya: yaushe abin ya fara? Likita ya gan shi? Wa ke kwana da shi? Tana samun barci? Tambayoyi huɗu ne da ban yi ba a wancan daren.

Bayan arba'in ɗin rasuwar Baba na aika matata ta roƙar mini gafarar waccan baiwar Allah. Ta ce ba komai, ta yafe. Ta ƙara da cewa: "Ki ce wa Malam, in ya ga wata irina, ya tsaya ya saurare ta."

Wanda yake da tsoho a gida, yau kafin ka kwanta ka je ka buɗe ledar maganinsa, ka duba bayansa, ka kuma tambayi mai jinyarsa yaushe rabonta da barci.

Ya Allah Ka jiƙan iyayenmu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana. Waɗanda ke raye Ka ba su lafiya, Ka ba mu ikon yi musu hidima da sani da haƙuri. Waɗanda suka riga mu Ka haskaka makwancinsu. Ka saka wa masu jinya da alheri, Ka tsare mu daga mummunan tsufa, Ka sa mu cika da imani.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.